Daga Randa Zuwa Jarka: Tarihin Yauƙin da ke Kwana a Robobinmu

Duk gidan da ake barin ruwa a baho ko bokitin roba ya kwana biyu ko uku, an san abin da zan yi magana a kai. Ruwan a ido garau yake, ba launi, ba wari. Amma da an zubar aka shafa cikin robar da yatsa, sai a ji santsi, wani yauƙi-yauƙi kamar an wanke kuɓewa a ciki. Haka yake a gindin kwandon da ake kife kwanuka, da murfin kula, da cikin buta, da kofin da ke rataye a bakin diro. Wasu na cewa sabulu ne bai gama fita ba. Wasu na cewa robar ce ke narkewa saboda zafin Minna. Akwai ma masu ɗora laifin a kan maganin da ake zuba wa ruwan famfo. To, ko ɗaya ba haka ba ne. Yauƙin nan abu ne mai rai, kuma yadda ya samu wurin zama a madafanmu labari ne da ya haɗa da tarihin garin nan da na ruwan da muke sha.

Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwarawa, su ne masu ƙasa, suna zaune a kan duwatsun Minna tun kafin zuwan Turawa. Amma garin da muka sani a yau jirgin ƙasa ne ya raya shi. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, kuma a Minna ne layin da ya fito daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya haɗu da shi. Kakanninmu suka biyo dogo daga Kano da Zazzau da Katsina da Sakkwato: leburori, fatake, mahauta, maƙera, malamai da almajiransu. Sunan unguwar Kwangila kaɗai ya isa ya tuna mana irin aikin da ya kawo mutane. Sun zo da ƙwarya da ludayi da akushi a cikin kayansu, don waɗannan ba su da nauyi. Randa da tulu kuwa ba a ɗauko su daga gida, a nan aka same su, a hannun matan Gbagyi, waɗanda ginin tukwane sana'arsu ce ta gado. Har gobe ana gina su a ƙauyuka irin su Tatiko ta wajen Paiko. Matar nan da hotonta ke bayan takardar naira ashirin, Ladi Kwali, daga cikin wannan sana'a ta fito. Ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, randunanta suka kai har Landan, kuma a nan Minna Allah ya yi mata rasuwa a 1984.

Randa tana da wata hikima da kowa ya sani ko da bai san dalilinta ba. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa ta waje, iska na busar da shi, zafin yana tafiya tare da shi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa ake girke ta a inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi. Amma ba sanyin nake son mu duba ba. Abin dubawa shi ne ɗabi'ar da waɗannan kaya suka tilasta wa masu su. Ruwan rijiya ko na rafi yana zuwa da laka, lakar ta kwanta a gindin randa, ido na gani, dole bayan 'yan kwanaki a juye a ɗauraye a goge. Ƙwarya in aka bar ta da laima sai ta yi fumfuna, ta yi tsami, ta ɓata furar da aka dama a ciki, gobe a ji kunya gaban baƙo. Akushi ma haka, ya riƙe wari. Saboda haka wanki ba ya kammala sai da shanya. A goge da toka ko yashi mai laushi da soson da ke yaɗo a jikin danga, a ɗauraye, a kife a rana. Wasu matan har turara randa suke yi da hayaƙi kafin a zuba sabon ruwa. Ba wata likita da ta koya musu. Kayan ne da kansu ba sa yafe sakaci, in an yi yau, gobe za su tona asiri.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin randa zamanin lafiya ne. Randa bakinta a buɗe yake, moɗa ɗaya kowa ke tsomawa, yaro ya fito daga wasan ƙasa ya zura hannu har gwiwar hannu. Gudawa ta kwashe yara masu yawa a wancan zamani, aka ce haƙori ne, aka ce iska ne. Abin da nake cewa kawai shi ne, a cikin tsarin nan akwai juyewa, akwai gogewa, akwai bushewa a rana, kuma waɗannan ukun su ne manyan maƙiyan yauƙi.

Daga nan ƙarfe ya shigo. Garwar kananzir, mai cin galan huɗu, wajen lita 18, da an sayar da man sai ta zama abin ɗiban ruwa. 'Yan ga-ruwan farko guda biyu suke ratayawa a sanda su saɓa a kafaɗa. Sai bokitin ƙarfe, sai diro, sai kuma kwanonin tasa masu fenti, langa da fanteka da kwanon sha, waɗanda suka zama kayan jeren amarya. Da farko daga waje ake kawo su, daga baya aka fara ƙera su a ƙasar nan; kamfanin Nigerian Enamelware da ke Ikeja an kafa shi a 1960, Kano ma ta samu nata. Fentin tasa gilashi ne aka narka a kan ƙarfe, sumul yake, maiƙo ba ya kama shi sosai. Aibinsa shi ne in ya faɗi ya ɓantare, wurin ya yi tsatsa ya huje. Shi ma dai ƙarfe ba ya son a bar shi da ruwa, don haka al'adar juyewa da shanyawa ba ta mutu a zamaninsa ba.

Roba ce ta canza lissafin. Irin wadda ake yin jarka da tankin ruwa da ita, masana a wani kamfani na Ingila, ICI, suka yi kiciɓis da asalinta a 1933. Wadda ake yin yawancin kofuna da bahuna da kujeru da ita kuwa, wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, ya samar da ita a 1954. Dukansu daga man fetur da iskar gas ake samo su. A wurinmu sai bayan yaƙin basasa, zamanin kuɗin mai, suka fara cika kasuwa, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano da na Ikko da Anaca suna ta bugowa. Da aka shiga matsin tattalin arziki na 1986, naira ta faɗi, kayan ƙarfe suka yi tsada, talaka ya koma wa roba gaba ɗaya. Kuma wallahi ba za a ga laifinsa ba. Ba ta fashewa, ba ta tsatsa, ba nauyi, yarinya 'yar shekara bakwai za ta ɗauka, ga launi mai ɗaukar ido. Butar duma da ta ƙasa da shantalin ƙarfe suka ba butar roba mai zane-zane wuri. Garwa ta ba jarka wuri. Ita kalmar jarka ma tana da nata tarihin: Jamusawa ne suka ƙera wata gwangwanin ɗaukar mai ta soja gab da yaƙin duniya na biyu, sojojin Ingila da ke yi wa Bajamushe laƙabi da Jeri suka raɗa mata suna, sunan ya biyo bakinmu ya zama jarka. Rawayen nan masu cin lita 25 da muke gani jere a kurar mai ruwa, yawancinsu na man girki ne aka sayar da man suka koma na ruwa.

A daidai wannan lokaci ne kuma Minna ta kumbura. An ƙirƙiri Jihar Neja a 1976, aka mai da garin nan hedikwata, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo. Madatsar Bosso, wadda aka gina tun zamanin Turawa don ƙaramin gari, ba za ta iya ba. Aka gina ta Tagwai a ƙarshen shekarun 1970 don ciyar da matatar ruwa ta Chanchaga, amma gari ya ci gaba da faɗaɗa, Kpakungu, Maitumbi, Tunga, Sauka-ka-huta, bututu bai bi mutane ko'ina ba. Inda famfo yake ma ba kullum yake kawowa ba. To, ranar da ya kawo me ake yi? A cika diro, a cika jarkoki, a cika bahon wanki, a cika har tukwanen da ba a girki da su. Ruwan da aka sha wuya kafin a samu, ko aka saya da kuɗi, ba mai zubar da ragowarsa don ya wanke mazubi. Sai dai a ƙara sabo a kan tsoho. Akwai diron da zai shekara gindinsa bai ga rana ba. Robar kuma ba za ta yi ƙorafi ba: ba tsami, ba tsatsa, ba fumfunar da ido zai gani da wuri. Ku duba layin masu robobi a kasuwar nan tamu, mai ɗauke da sunan marigayi Injiniya Abdulƙadir Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. Rabin abin da ke jibge a wurin, in an lura, kayan ajiye ruwa ne.

Yanzu shi yauƙin, mene ne shi? Wanda ya fara leƙa cikinsa ɗan kasuwa ne irinmu, mai shagon yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Yana goga ƙananan gilasai masu ƙara girman abu, har ya ƙware ya wuce malaman zamaninsa. A 1683 ya kankaro farin daskararren abin da ke tsakanin haƙoransa ya duba, ya ga ƙananan halittu na ta motsi a ciki, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan. Ya kuma lura da wani abu da sai bayan ƙarni uku aka gane muhimmancinsa: da ya kurkure baki da ruwan khal mai ƙarfi, na saman ne kawai suka mutu, na can ciki suna nan da ransu. Wato dattin haƙori da yauƙin bokiti dangi ne. Asuwaki da soso aiki ɗaya suke yi.

A 1943 wani Ba'amurke mai nazarin ruwan teku, Claude ZoBell, ya nuna cewa ƙwayoyin bakteriya sun fi son su manne a jikin kwalba da su yi ta yawo a cikin ruwa. Sai a 1978 Bill Costerton na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda ya yi nazarin santsin duwatsun rafi da tumbin shanu, ya fito da bayanin yadda abin yake. Shi da abokan aikinsa suka yayata sunan da masana ke kiransa da shi yau, bayofim, wato shimfiɗa mai rai. Ga yadda take: ƙwaya ta sauka a jikin mazubi ta manne. Ta fara fitar da wani danƙo mai kama da majina ta lulluɓe kanta. Ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Wasu irinsu, in sun samu ɗumi da abinci, kowane minti ashirin suke ninkawa. Wasu ƙwayoyin su zo su raɓu. Cikin kwana ɗaya zuwa uku an yi unguwa guda, mai katanga, mai hanyoyin da abinci ke shiga. Abin da yatsa ke ji ke nan. Kuma ƙwayar da ke cikin wannan katanga tana iya jure maganin kashe ƙwayoyi ninki goma, ninki ɗari, wani lokaci har dubu, fiye da 'yar uwarta da ke yawo a ruwa. Shi ya sa ɗauraya kaɗai ba ta fitar da shi.

Me ya sa roba ta fi tasa ko gilashi tara shi? Na farko, roba 'yar gidan mai ce, maiƙo na manne mata. Duk wadda ta wanke robar da aka zuba miyar manja ta san haka. Ɗan maiƙon da ya rage, da ɓurɓushin koko ko kunu, shi ne abincin ƙwayoyin. Na biyu, roba na da taushi. Soson ƙarfe da wuƙa da yashi suna karce ta, kowane karce kuma kwari ne da soso ba ya kaiwa gindinsa. A shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ƙarƙashin Dean Cliver, sun gwada katakon yanka nama da na roba, suka tarar robar da wuƙa ta sassare ta fi wuyar tsabtacewa da hannu. Ashe akushi bai yi abin kunya ba. Na uku, roba ba ta shan ruwa, ba ta kuma riƙe zafi, saboda haka ɗigon ruwa na daɗewa a kanta, musamman in an jera baho cikin baho tun suna jiƙe. Ƙara da zafin Maris da Afrilu na garin nan, da kuma cewa kulorin ɗin da ke ruwan famfo yana bin iska cikin kwana ɗaya ko biyu, ruwan rijiya da na burtsatse kuwa dama babu shi a ciki.

Launinsa ma yana ba da labari. Kore gansakuka ce, ita hasken rana take so, shi ya sa ta fi yawa a farar jarka, shi ya sa kuma yawancin tankunan da ke kan rufi baƙaƙe ne. Baƙi-baƙin da ke bakin murfi galibi fumfuna ce. Ja-ja ko ruwan hoda da ake gani a ma'ajiyar sabulu da gindin buta kuwa, sau da yawa wata ƙwaya ce mai suna Serratia. A 1819 ta tayar da hankalin ƙauyawa kusa da Padua a Italiya, lokacin da tuwon masararsu ya riƙa wayar gari da jajayen ɗigo kamar jini. Mutane suka ce fushin Ubangiji ne, sai wani matashi mai haɗa magani, Bartolomeo Bizio, ya nuna cewa halitta ce ƙarama ke tsirowa a kan tuwon in ya samu laima da ɗumi.

Ba kowane yauƙi ne cuta ba. Yawancin mazauna cikinsa ƙwayoyin ruwa da ƙasa ne da ba sa yi wa mai lafiya komai. Haɗarinsa shi ne masauki ne. In ƙwayar taifot ko ta kwalara ko ta gudawa ta shigo ta hannu ko ta kofi, ta samu ɗaki a share, kuma duk sabon ruwan da aka zuba, komai tsabtarsa, sai ya ɗiba daga jikin bango. Mu kuma kwalara ba baƙuwarmu ba ce. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a 1971 aka lissafa mutum fiye da 22,000 da suka kamu. A 1991 ta kama fiye da 59,000, ta kashe fiye da 7,000. A 2021 an lissafa fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Arewa ce ta fi jin jiki, har da jiharmu. Binciken da aka yi kan ɓarkewar da ta auku a birnin Kano a 1995 zuwa 1996 ya gano abu biyu da suka bambanta waɗanda suka kamu da waɗanda suka tsira: shan ruwan da ake tallarsa a titi, da rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ba ina tozarta 'yan ga-ruwa ba ne, 'yan uwanmu ne, ba don su ba da unguwanni da yawa sun kwana da ƙishi. Amma mutumin da ke tura jarka goma ko sha biyu sau da yawa a yini, yaushe ya samu sukunin wanke cikinsu, kuma da wane ruwan?

A wani sansanin 'yan gudun hijira a Malawi an yi wani gwaji da ya dace da mu. Ruwan rijiyoyin wurin lafiyarsa lau a bakin famfo, amma kafin ya kwana a gida ya gurɓata, saboda hannaye. Aka raba wa wasu gidaje bokiti mai murfi da ɗan bututun tsiyaya, yadda hannu ba zai shiga ba. Ƙwayoyin bayan gida a ruwansu suka ragu da kashi 69 cikin ɗari, gudawa a yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu da kashi 31. Ba a canza rijiya ba, mazubi kawai aka canza.

Bari in ɗan ratse kan buta, don na san za a tambayi malamai. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙanshi, kuma ruwan da ya canza saboda abin da ya tsiro daga cikinsa, kamar gansakuka, bai fita daga tsarki ba. Wannan hukuncin alwala ne, kuma yana nan daram. Sai dai tsarkin ruwa daban, lafiyarsa ga ciki daban. Butar da ke ƙofar masallaci ko bakin shago tana zuwa bayi, tana dawowa, ana kurkure baki da ita, wani ma ya kurɓa, bakinta kuma ko yatsa uku ba sa shiga. Zai yi wuya a samu abin da ya fi ta tara yauƙi a duk kayanmu, kuma zai yi wuya a samu wanda aka ɗora wa alhakin wanke ta.

Nan ne jarka ta sa mu a tsaka mai wuya. Ƙaramin bakinta yana hana hannu da moɗa shiga, ta nan ta fi randa da bokiti nesa ba kusa ba. Amma bakin nan dai shi ke hana soso shiga. Dabarar da aka saba ita ce a zuba tsakuwa da omo a jijjiga. Tana kankare na sama, amma tsakuwa mai kaifi tana ƙara karce cikin, gobe yauƙin ya dawo da sauri. Abin da ya fi shi ne a fara da ruwan sabulu mai ɗumi a jijjiga sosai a zubar, sannan a bi da bilic irin su Hypo ko Jik. Ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar shi ne cokalin shayi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, a rufe, a jujjuya ya taɓa ko'ina, a ba shi aƙalla rabin minti, a zubar. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki. Baho da bokiti da kofi kuwa soso mai laushi ya ishe su, ban da na ƙarfe, kuma wanda cikinsa ya yi fari-fari ya yi kaushi ya gama aikin abinci da ruwan sha, a mai da shi na wanki ko na shara. Masu zoɓo da kunun aya da ke sake amfani da gorunan ruwa su sani cewa zaƙi ya fi komai ciyar da yauƙi, kuma maƙogwaron gora da cikin murfi ne maɓoyarsa.

Sai shanya, wadda ba ta cin ko kwabo. A kife, a buɗe murfi, a bar iska da rana su busar da ciki ƙarƙaf kafin a sake zubawa. Ba a ce a bar roba ta yini tana gasuwa kullum ba, rana na sa ta bushe ta tsattsage; awa biyu ko uku sun isa. Gidan da ke da jarka huɗu na iya ware ɗaya kowane mako ta huta a kife, ukun su yi aiki, mako mai zuwa a karɓe ta da wata.